Almakashina, Sunan Auta

Baffa, ka taɓa tsayawa a gaban inji kana kallon takarda ɗari uku suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da ɗuminsu, kowace tana ɗauke da abin da ka ƙirƙiro da kanka, amma sunan wani ne a samanta? Ni na tsaya, shekaranjiya da hantsi. Ni na jera su, ni na danna musu ƙarfe a kusurwa, ni na ɗaure su da roba, har na ce wa wanda ya zo karɓa Allah ya ba da sa'a.

Na san ba haka ɗa yake buɗe wasiƙa ga ƙanen mahaifinsa ba, kuma da Umma za ta gani cewa za ta yi ba ita ta koya min ba. To bari in koma in shigo ta ƙofa. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da ƙannena duka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da na ji an ce ya dawo, ya kuma ji ƙan Baba da duk waɗanda suka riga mu. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa matakalar nan uku na ƙofar gida ba tare da ta zagi wanda ya gina su ba. Yaya Babba ta dawo layinmu da zama tun da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, yaranta sun cika gidan da ihu, Umma tana ƙorafi da baki amma fuskarta tana cewa a ƙaro. Ka riƙe maganar dawowar Yaya Babba, zan neme ta a gaba. Auta kuwa, lauyar gidanmu kamar yadda ka raɗa mata, tana nan tana karatu, ta sayi baƙin siket da farar riga, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka.

Ba a waya na kira ka ba saboda na san kaina, na kuma san ka. Ni bakina yana riga ni isa, kai kuma da ka ji murya ta tashi sai ka ce layin ba kyau, za a duba maganar. Shekara huɗu ke nan ana duba ta. Abu ɗaya da na koya a takardun da nake bugawa shi ne, abin da aka rubuta ba ya cewa bai faɗa ba.

Ka san shagon, amma ba ka san yadda ya koma ba. Tun da aka buɗe ƙaramar ƙofar jami'a wadda take kallon sashen koyon aikin lauya, rabin aikinmu na ɗaliban nan ne. Suna ɗauko manyan kundayen hukunce-hukunce daga laburare, masu baƙin bango da rubutun zinare, su ce a buga musu shafi kaza zuwa kaza. Tsohon injin Baba kuwa yana da hali: in ya yi zafi sai ya ja baƙin layi daga sama har ƙasa, mai aiki ya ce ba ya so, a sake. Waɗannan da aka ƙi nake jefawa a kwali ƙarƙashin tebur. Wata rana wuta ta ɗauke da rana tsaka, ba aiki, na jawo ɗaya don in yi fifita da ita, idona ya faɗa kan wani tela da aka kai ƙara. Wani ne ya ba shi yadi mai tsada, ruwan sama ya zubo ta rufin shagon ya lalata shi. Na ce bari in ga yadda aka ƙare. Kwana goma sha ɗaya na yi a kan wannan hukuncin, ni da wani ƙamus marar bango da wani ɗalibi ya manta a benci. Turancin alƙalai ba irin na makarantarmu ba ne, jimla ɗaya sai ta yi rabin shafi kafin ta tuna inda za ta. Amma na gama shi. Daga nan kwalin ya zama makarantata, ba malami, ba ƙararrawa, ba wanda ya taɓa tambaya ta me na gane.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne, alƙali yakan yi shafi arba'in yana magana, alhali abin da ya ɗaure hukuncin bai fi layi biyar ba. Sauran duk zancen wucewa ne: da a ce ɓarawo ne ya fasa shagon da kaza, a wata ƙasa ana yin kaza, lauyan wane ya yi ƙoƙari. Ɗalibai suna zama a bencinmu suna kuka da wannan, wai an ce su ware ginshiƙin hukunci daga zancen wucewa, su kuwa duk iri ɗaya suke gani. Ni ba wanda zan tambaya, sai na tambayi abin da ke hannuna. Na ɗauki almakashin shago na yanka hukuncin telan sakin layi sakin layi, na jera a tebur. Sai in zare guda ɗaya, in karanta sauran. In har hukuncin yana nan tsaye ba tare da ita ba, sai in tura ta hagu. In kuwa na zare na ga hukuncin ya rushe, ba a san dalilin da ya sa tela zai biya ba, sai in mayar da ita dama. Da na gama, hagu ta yi tudu, dama kuwa 'yar tsiri ɗaya ce: tela ya san rufinsa yana yoyo tun kafin damina, bai kawar da kayan mutane ba. Baffa, ranar na yi dariya ni kaɗai har mai gyaran waya na kusa da mu ya leƙo ya ga ko lafiya.

Yanzu ga inda Auta ta shigo. A sati na uku da fara karatunta ta zo shago da la'asar, idonta jawur. Malamarsu ta ba su aiki, kowa ya taƙaita hukunci a shafi ɗaya: abin da ya faru, abin da ake jayayya a kai, abin da aka yanke, da dalili. Ta samu uku cikin goma, da jan biro a ƙasa wai ta kwafo alƙali ne ba ta karanta shi ba. Ta ce ita ta haƙura, kanta ba na wannan karatun ba ne. Ƙanwata ce, ni na goya ta zuwa makarantar firamare ranar da takalminta ya tsinke. Na kashe inji, na share tebur, na miƙa mata almakashi. Da farko ta ce in daina wasa, ita kuka take. Kafin a kira magariba ta ware hukunci biyu da hannunta, tana tsalle a kan benci tana cewa yayanta mugu ne, ashe duk shekarun nan ɓoye kai nake yi. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na ji kamar an buɗe taga a ɗakin da na daɗe a ciki.

Sauran labarin kai ma ka sani, don kai ka yaɗa shi. Ta yi abin a gaban aji, malama ta ce ta rubuta shi a shafi biyu, aka sa a cikin takardun darasin da ake raba wa 'yan shekarar farko. Kai kuma ka aiko da saƙon murya a zauren danginmu na waya, minti huɗu cur, kana cewa ga lauyar gidanmu, tun ba ta yi wata uku ba ta fara koyar da malamanta. Gwaggo ta sa alamar tafi har guda bakwai. Ɗan Kawu da ko jarida ba ya karantawa ya rubuta cewa shi dama ya gani a goshinta. Mutum talatin da ɗaya ne a zauren nan, na duba, babu ko ɗaya da ya tambaya: yarinyar da ko farcenta ba ta iya yankewa daidai ba, ina ta samo almakashi? Sannan don abin ya cika, wakilin ajinsu ya kawo min takardun in buga, don shagonmu ne mafi kusa.

Zan gaya maka abin da na yi, don ban zo in wanke kaina ba. Na yanko 'yar farar takarda daidai tsawon sunanta, na ɗora a kai, na rufe inji na danna. Ta fito tas, ba suna, kamar ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. Aikina ne, na iya shi, ba wanda zai gane. Na riƙe ta a hannu na fi minti biyar. Sannan na yayyaga ta, na cire farar takardar, na buga ɗari ukun da sunan Auta ɓaro-ɓaro. Kada ka yaba min. Ba kirki ne ya hana ni ba, tunanin fuskar Umma ne.

Da yamma Auta ta biyo, na tare ta a gaban mutane, bakina ya yi abin da ya saba. Na ce mata sannu da ƙirƙira, Allah ya ƙara basira, ko za a taimaka a koya wa ɗan shago. Ta ce wallahi ta gaya wa malamar cewa yayanta ne ya koya mata. Malamar ta tambaya a aji nawa yake, ta ce yana shagon buga takardu na bakin ƙofa, sai malamar ta yi murmushi ta ce a gaishe shi, amma takardar darasi sunan ɗalibi take ɗauka da lambarsa. Na yarda da ita, Auta ba ta ƙarya, ba ta ma iya ba. Amma maimakon in yi shiru sai na ƙara wuta. Na ce lamba ce kawai ta fi ni da ita, ta tambaye ni duk abin da take so a shari'ar telan nan a gaban kowa, in na kasa in bar mata shagon. Ta yi ƙasa da murya, ta ce in bari sai mun je gida. Na ce a nan. Sai ta ce, tana kallon ƙasa, ai wannan hukuncin an daɗe da soke shi. Telan ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce mai yadin shi ma ya ga bokitin da ake tarar ruwa da idonsa ya kuma bar kayansa, don haka ba a ɗora wa tela shi kaɗai ba. Ta ce akwai wani littafi a laburare, ba hukunci a cikinsa ko ɗaya, jerin sunaye ne kawai, aikinsa ya gaya maka abin da ya sami kowane hukunci daga baya, ko yana raye ko ya mutu. Wai abu na farko da aka koya musu ke nan a satin farko: kada ka dogara da hukunci sai ka duba ko yana numfashi.

Shekara uku, Baffa. Shekara uku ina ɗauke da gawa a ka ina yawo da ita, ina ba ɗalibai misali da ita a benci. Ban san akwai irin wannan littafin a duniya ba, kuma ta ina zan sani? Ba wanda yake kawo shi a buga. Ni abin da aka kawo nake karantawa, cikinsa ma wanda inji ya ɓata. Mutum biyu da ke jiran aiki suka yi kamar suna duba waya. Mai gyaran waya ya koma shagonsa a hankali kamar wanda ya taka wani abu.

Washegari na rufe shago na haye titi na je laburaren. Mai gadin ƙofar ya san ni sarai, ni nake buga masa takardun makarantar 'ya'yansa. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi Umma, sannan ya ce kati. Na ce littafi ɗaya zan duba, minti goma, ya riƙe wayata in yana so. Ya ce ba daga shi ba ne. Ta gilashin ƙofar na hango layin kundayen nan har rufi, waɗanda na san bayansu da nauyinsu da warin ƙurarsu amma ban taɓa ganin inda suke kwana ba. Na kuma hango Auta a tebur na uku, littafi buɗe a gabanta, tana taunar biro tana latsa waya. Latsa waya, a cikin wannan ɗakin. Ina kishinta, Baffa, ga shi na rubuta da hannuna. Ina kishin katin da ke rataye a wuyanta, ina kishin jan biron da aka yi mata, don ni ba wanda ya taɓa damuwa ya ce min na yi kuskure sai da na shekara uku a cikinsa. Har ukun nan cikin goma nake kishi. Ina roƙon Allah kada abin ya zama hassada, kuma yawancin ranaku ba ya zama. Wasu ranakun ban sani ba.

Yau da safe na buɗe shago na tarar an turo takardu ta ƙarƙashin ƙofa. Hukuncin kotun saman ne, shafi goma sha tara, Auta ta je wani shagon ta buga don kada in gani. A sama ta rubuta da fensir wai a yanka mata in an samu lokaci. Ban gode mata ba tukuna. Na dai yanka. Alƙalan sun fi na farkon gaskiya, wannan ma ya ƙara ɓata min rai.

Da almakashin yana hannuna sai na tuna akwai wani hukuncin da ban taɓa yankawa ba. Wasiƙarka ce, wadda ka aiko bayan rasuwar Baba, lokacin da sakamakon jarrabawata ya fito, ka yanke in zauna a shago maimakon in wuce jami'a. Umma tana ajiye da ita a cikin akwatinta, na karɓa na buga kwafi, ban taɓa ta asalin ba. Sakin layi tara ne. Na yanka, na jera su a tebur. Addu'o'in na tura hagu, Allah ya yafe min, ba don ba su da daraja ba, sai don hukuncin yana tsaye ba su. Inda ka ce ni ne namiji babba, na zare na karanta, bai rushe ba, don ɗan Kawu ma shi ne babba a gidansu kuma an tura shi karatu, ya je ya yi barci shekara huɗu. Inda ka ce ni mai haƙuri ne, wannan ko kai ka san zancen wucewa ne. Inda ka ce sana'a ma ilimi ce, hagu. Inda ka ce in abubuwa sun daidaita za a duba, hagu, don ba a ce wa zai duba ba, ba a ce yaushe ba. Tsiri ɗaya ta rage a dama, inda ka ce babu wanda ya san injin nan sai ni, kuma shagon da ke riƙe da gidan ba zai zauna a rufe ba. Da na zare ta, komai ya zube. Ita ce dalilinka, kuma a wancan lokacin gaskiya ce don Yaya Babba tana nesa da mu, ban yi musu ba, na ajiye sakamakona na ɗauki tsumman goge gilashi.

To yau ba gaskiya ba ce. Yaya Babba ta riga ni sanin injin nan, a hannun Baba ta koya tun ina rarrafe, ita ce ma ta nuna min inda ake dukansa in ya cije takarda. Da bakinta ta ce za ta riƙe shagon daga safe zuwa azahar, ni in karɓa da yamma da ranakun hutu, mijinta ya amince. Ana rufe karɓar takardar neman zana jarrabawar shiga jami'a ranar ƙarshe ta watan nan. Na cike tawa, tana cikin aljihun tebur. Na kai wa Umma maganar ta ce ita ba za ta ɗora magana a kan taka ba, kai ne a madadin Baba, kuma rabin shagon naka ne. Ka ga ke nan babu kotun da ke samanka. Telan ya samu inda zai kai kukansa, ni sai dai in dawo gaban alƙalin da ya yanke.

Amma Auta ta koya min tsoro, don haka ba zan sake bugun ƙirji ba. Mai yiwuwa akwai wani kundin da ban gani ba. Mai yiwuwa akwai dalilin da ka gaya wa Umma a waya, ko ka gaya wa Hajiya, wanda ba ka sa a takarda ba: cewa kaina ba zai ɗauka ba, ko bakina zai ja wa gidan abin kunya, ko Baba ya bar wata magana a kaina. In akwai, fito da shi. Na gwammace in ji shi ya ƙona ni da in ƙara shekara huɗu ina dogara da hukuncin da ban san ko yana numfashi ba.

Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata man zafin da ta aiko wa Umma ya yi aiki. Ka gaida ƙannena, babban da 'yan biyun, da Gwaggo in ta zo muku. Umma tana gaishe ku, ba ta san na rubuta wannan ba. Yaya Babba ta sani, ta ce in rage zafi, na rage, abin da ka karanta shi ne bayan ragin.

Na sa 'yar tsirin nan a cikin ambulan, ka duba kada ta faɗi. Amsarka kuma ba a waya nake so ba, ba ta bakin Umma ba. A zauren dangin nan nake so, inda ka yi minti huɗu kana yabon almakashina da sunan wata. Ba na neman ka cire mata komai, lauyar gidanmu ce, ni ma haka zan kira ta. Ka dai danna abin nan ka yi magana a gaban mutum talatin da ɗaya, kafin ƙarshen wata: ko ka ce dalilin ya faɗi in kai takardata, ko ka faɗi wanda ya rage, da sunansa, kowa ya ji.

Ɗanka na bakin inji.